Sun Tashi A Ƙarƙashin Jar Tuta, Sun Tsufa A Ƙasar Wasu

Jawabin da aka gabatar a zamanmu na tattaunawa. Mun kawo shi kamar yadda aka yi shi, da ɗan gyara kaɗan.





An ce in yi magana a kan mutanen da aka haifa, suka girma a ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, daga baya suka tattara nasu-ya-nasu suka koma wata ƙasa. Maganar tana da faɗi. Akwai 'yan Kuba a Miami, akwai 'yan Biyetnam da suka shiga teku a kwale-kwale, akwai Habashawan zamanin Mengistu. Ni zan tsaya a kan Tarayyar Sobiyet kaɗai, domin a can tsarin ya daɗe ƙwarai, daga 1917 har 1991, wato an haifi kaka da uba da jika duk a cikinsa.

Abin da ya sa maganar ta shafe mu shi ne, duk ranar da gardama ta kaure tsakanin masu ra'ayin gurguzu da masu ra'ayin jari-hujja, kowa waɗannan mutane yake jawowa su zame masa shaida. Wannan ya ce, ai ga su nan, da ƙafarsu suka gudu. Wancan ya ce, je ka tambaye su mana, har yau suna begen abin da suka baro. Kowannensu ya ɗauki rabin magana ya bar rabi. To ni dai a yau shaidun nake so mu zauna mu saurara, ko da abin da za su faɗa bai yi wa kowannenmu daɗi ba.

Mu fara daga yarinta. Yaron Sobiyet yana shekara bakwai za a maƙala masa bajo mai siffar tauraro, da hoton Lenin yana yaro a tsakiya. In ya kai tara ko goma a ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, ya zama ɗan ƙungiyar yara ta jam'iyya. A sha huɗu ya shiga Komsomol, ƙungiyar matasa, wadda in ba ka cikinta to shiga jami'a ya zame maka aiki. A makaranta ana ba su labarin wani yaro, Pavlik Morozov, wanda aka ce ya kai ƙarar mahaifinsa wurin hukuma, danginsa suka kashe shi a 1932. Masana tarihi sun nuna shakku a kan labarin, amma an yi shekaru ana nuna wa yara shi a matsayin gwarzo. Ku yi tunanin uban da ɗansa ya dawo gida da wannan darasi, sannan ku gaya mini irin hirar da za a yi a gaban yaron nan da daddare.

Amma fa makarantar nan, makaranta ce ta gaske. Wannan ko maƙiyin Sobiyet bai musa ba. A ƙidayar 1897, zamanin sarakunan Rasha, waɗanda suka iya karatu ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Cikin shekara sittin aka kusa shafe jahilci kakaf, har a ƙauyukan Uzbekistan da Kazakistan. Ƙasar da kakanninta manoma ne marasa takalmi ita ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957, ta aika Yuri Gagarin sararin samaniya a 1961. Karatu kyauta daga firamare har jami'a, ga alawus. Asibiti kyauta, kuma mafi yawan likitocin mata ne. Lissafi da kimiyya da kiɗa da wasan dara na ces, duk ɗan lebura yana iya samunsu in yana da kai. In ka gama jami'a ba ka yawon neman aiki, gwamnati ce za ta tura ka inda take so, ka yi shekara uku a can ko kana so ko ba ka so. Zaman banza ma laifi ne: dokar 1961 ta hukunta wanda ba shi da aikin da hukuma ta sani. Da ita aka gurfanar da mawaƙi Joseph Brodsky a 1964, aka tura shi aikin ƙarfi a arewacin ƙasar. Mutumin nan an tilasta masa barin ƙasa a 1972, ya ci kyautar Nobel a 1987 yana zaune a Amurka.

Na san a cikin dattawanmu akwai waɗanda suka yi karatu a Mosko ko Kiyef ko Kharkov, kuma za su ce sun ji daɗin zama. Gaskiya ne, sai dai ɗalibi baƙo alawus ɗinsa ya fi na ɗan ƙasa, kuma yana da fasfon da zai fita da shi Landan ko Balin ta Yamma lokacin hutu ya dawo da wandon jins. Abokin karatunsa ɗan ƙasa ba shi da wannan ƙofa. Shi fasfonsa na cikin gida ne, wanda aka ƙirƙiro a 1932, da hatimin da ake kira propiska mai nuna garin da aka yarda ya zauna. Ba ka isa ka tashi daga ƙauyenku ka tare a Mosko don ka ga dama ba. Manoman gonakin haɗaka ma sai bayan 1974 aka fara ba su fasfon gaba ɗaya. A cikin takardun kuma akwai layin da ake rubuta ƙabilarka, wanda kowa ya sani da layi na biyar. In an rubuta Bayahude ko Bajamushe, to akwai sassan jami'a da ma'aikatun da ba sai an gaya maka ba, ka san ba naka ba ne.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku, domin duk sauran maganata a kansa ta rataya. A Tarayyar Sobiyet kuɗi ba su da ƙarfin da muka san su da shi. Haya araha ce ƙwarai, burodi araha, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Mosko kwabo biyar ne na kuɗinsu tun daga 1961 har dab da ƙarshen tsarin. Mutum yana da kuɗi a aljihu, kayan ne babu. Nama mai kyau, takalmin sanyi, tishu, kayan gyaran mota, duk sai an yi sa'a. Kowa yana yawo da wata 'yar jakar raga a aljihu, sunanta avoska, daga kalmar da ke nufin "wataƙila", don ko Allah zai sa a ci karo da wani abu. In ka ga layi, shiga za ka fara yi, sannan ka tambayi na gabanka me ake sayarwa. Wani layin har lamba ake rubuta wa mutum a tafin hannu. Mota kuwa sai ka yi rajista ka jira shekaru.

To ta yaya ake rayuwa? Da mutane. Suna da kalma guda, blat, wato hanya, sanayya. Matarka ta san mai jiran kantin nama, ita kuma mai kantin tana neman likitan haƙori na kirki, likitan yana son a sa ɗansa a makarantar Turanci, shugabar makarantar tana neman tayar mota, kai kuma a ma'aikatar taya kake. An gama magana, ba a ƙirga ko sisi ba. Rashawa suna da karin maganar da ke cewa gara ka mallaki abokai ɗari da ka mallaki kuɗi ɗari, kuma a zamanin nan ba karin magana ba ce kawai, lissafin cefane ce. Dukiyar mutumin Sobiyet abu biyu ce: matsayinsa a wurin aiki, da littafin lambobin wayar mutanen da ya sani. Ku riƙe wannan, domin duka biyun ba sa shiga akwati.

Sari da sayarwa kuwa, abin da duk ɗan kasuwar da ke zauren nan ya yi yau da safe, laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Ka sayo da araha ka sayar da riba, sunanka ɗan cuwa-cuwa. Yaro ya tashi da sanin cewa mutumin kirki injiniya ne ko malami ko likita, mai ciniki kuwa abin kunya ne, ko da kowa yana lallaɓawa wurinsa da daddare.

Sai kuma harshe biyu. Akwai maganar taron ma'aikata, inda kowa zai ɗaga hannu ya amince. Akwai maganar kicin, bayan an rufe ƙofa, wani har ya ɗora matashi a kan wayar tarho, a kawo shayi a yi ta barkwanci a kan shugabanni. A nan aka ƙirƙiro zancen nan cewa su suna yi kamar suna biyanmu, mu kuma muna yi kamar muna aiki. A nan ake murɗa rediyo a nemo BBC ko Muryar Amurka ta cikin ƙarar da hukuma ke sakawa don toshe su. Abin dariya, a daidai lokacin da Rediyon Mosko yake watsa shirye-shirye da Hausa muna ji a nan ba mai hana mu. Addini ma kicin ya koma. A Asiya ta Tsakiya an rufe dubban masallatai, aka sauya rubutunsu daga na Larabci zuwa na Latin a ƙarshen shekarun 1920, aka sake mayar da shi na Rashanci wajen 1940, jika ya kasa karanta wasiƙar kakansa. Masu zuwa Hajji daga duk faɗin ƙasar 'yan ƙalilan ne da hukuma ta tace. Kaciya da sallar gawa da azumi tsofaffi ne suka riƙe su a ɓoye.

Fita daga ƙasar ba haƙƙi ba ne, alfarma ce, kuma ƙabilu kaɗan aka ɗan buɗe wa ƙofa a shekarun 1970: Yahudawa, Jamusawa, Armeniyawa, da sunan haɗuwa da dangi. Ranar da ka miƙa takardar neman fita, ranar ka zama maci amana. Sau da yawa aiki ya tafi, a tara abokan aikinka su yi tir da kai a gabanka. Sai ka kawo takardar iyayenka cewa ba sa bin ka komai, har da ta matar da ka saka in akwai. A 1972 aka ƙaƙaba harajin digiri, wai ka biya kuɗin karatun da aka kashe maka, kuɗin da ya kai albashin shekaru. Surutun duniya ya sa aka daina karɓa, Majalisar Amurka kuma ta zartar da dokar Jackson da Vanik a 1974, ta ɗaure cinikayya da Sobiyet da batun barin mutane su fita. Wasu aka ƙi su, suka zauna shekara goma babu aiki babu tafiya. Waɗanda aka bari, kamar Yahudawa dubu 51 da suka fita a 1979, an karɓe musu takardar zama ɗan ƙasa, suka fita da akwatuna da 'yan canjin da ba su taka kara sun karya ba. Rakiyar da ake yi musu ta fi kama da zaman makoki, don ba wanda ya sa ran za a sake ganawa. Daga nan sai Biyana, mai zuwa Isra'ila ya hau jirgi, mai son Amurka ya wuce Italiya ya yi watanni a garuruwan bakin teku kusa da Rum, irin su Ladispoli, yana sayar da 'yan tsarabar da ya ɓoyo a kasuwar gwanjo kafin biza ta fito. Farfesa ne fa a tsaye yana tallan kyamara da zanen gado. Darasin farko ke nan.

Kowa yana ba da labarin ranar farko a babban kanti, kuma gaskiya ne abin yana girgiza su. Boris Yeltsin kansa, da ya shiga wani kanti a Houston a 1989, ya fito jikinsa a sanyaye. Amma wannan mamakin na mako guda ne. Abin da ke cin mutum shekara da shekaru daban ne.

Na farko dai matsayi. Mutum ya yi shekara ashirin yana babban injiniya, ana gaishe shi da sunansa da na mahaifinsa kamar yadda Rashawa ke girmama manya, ya wayi gari yana tuƙa tasi a New York, yaro ɗan shekara ashirin yana kiransa da gundarin sunansa, yana ma gurɓata shi. Likitar da ta yi tiyata dubu sai ta sake zama jarrabawar lasisi da harshen da ta fara koya tana da shekara arba'in da biyar, kafin nan tana wankin tsofaffi. A Isra'ila abin ya fi fitowa fili saboda yawa: wajen mutum dubu 185 suka sauka a 1990 kaɗai, wasu kusan dubu 150 a 1991, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan biyar ba a lokacin. Ƙasa ƙarama ba ta da gurbin wannan tulin likitoci da injiniyoyi da makaɗa, sai ga masu digiri suna shara da gadi. Kuma kada mu manta, zuwan nasu ya faɗo a kan wata ƙasa mai rigima: Falasɗinawa da ƙasashen Larabawa sun yi ta kuka cewa za a zuba su a yankunan da aka mamaye, har gwamnatin Bush babba ta riƙe lamunin bashin dala biliyan 10 a 1991 saboda batun matsugunan.

Na biyu, littafin lambobin waya ya mutu. Duk ƙwarewar da mutum ya tara ta sanin wa zai kira, wa zai kai wa kwalin cakulan, ta zama ba ta da kasuwa. A sabon wuri an ce ya rubuta takardar tarihin aikinsa, ya zauna gaban mai ɗaukar aiki yana murmushi yana yabon kansa. Shi kuwa an rene shi a kan cewa yabon kai jahilci ne, murmushi ga wanda ba ka sani ba kuma alamar wauta ce ko yaudara. An ce ya zaɓi inshorar lafiya, ya zaɓi banki, ya zaɓi makarantar yara, ya ci bashi don a san yana biya. Mutumin da tun haihuwarsa ba a taɓa barinsa ya zaɓi ko garin da zai zauna ba, yau an jibge masa zaɓi ɗari, kuma in ya zaɓa ba daidai ba babu ofishin da zai je ya yi ƙorafi. A can aiki ba ya ƙarewa ko da ba ka yi. A nan ana iya sallamarka ranar Juma'a da rana, haya kuma tana jiranka ranar ɗaya ga wata.

Halayen da suka cece shi a can su ne suke jawo masa zargi a nan. Ba ya yarda da takardar hukuma, ba ya son sa hannu, yana ganin duk doka an yi ta ne don a zagaye ta. In maƙwabcinsa Bajamushe ya kai ƙararsa don ya zuba shara a kwandon da ba nata ba, ko ya yi hayaniya ranar Lahadi, maƙwabcin yana ganin ya yi aikin ɗan ƙasa nagari. Shi kuwa a idonsa wannan ɗan rahoto ne, kuma a inda ya fito babu halitta mafi ƙasƙanci da ɗan rahoto. Hali zanen dutse, in ji Bahaushe, amma wannan halin ba da shi aka haife su ba, tsari ne ya zana shi.

'Ya'yan su ne suka kwashi amfanin. Yaro cikin shekara guda ya iya harshe, ya zama shi ke yi wa ubansa tafinta a asibiti da banki, girman uba ya ragu a cikin gidansa yana ji yana gani. Amma iyayen sun zo da abu guda da kwastan ba su iya ƙwacewa ba, wato tsananin ɗaukar karatu da muhimmanci. Sergey Brin an haife shi a Mosko a 1973, iyayensa masana lissafi suka fita da shi a 1979, ya zo ya kafa Google da abokinsa a 1998. Wanda ya fi kusa da aljihunku shi ne Jan Koum. An haife shi a yankin Kiyef a 1976, ya isa Kalifoniya a 1992 yana ɗan shekara 16 tare da mahaifiyarsa da kakarsa, uban bai biyo su ba har ya rasu. Uwar tana rainon 'ya'yan mutane, shi yana sharar kanti, suna karɓar tallafin abinci na gwamnati. Shi ne ya kafa WhatsApp a 2009, Facebook ta saye shi a 2014 a kan kimanin dala biliyan 19. Ya sha faɗa cewa ƙin da yake yi wa leƙen saƙonnin mutane ya samo asali ne daga ƙasar da ya tashi, inda ake sauraron wayar jama'a. Wato wancan matashin da ake ɗorawa a kan tarho yana da hannu a manhajar da kuka tura sanarwar zaman nan da ita.

Sai dai ina roƙonku kada a ɗauki mutum biyun nan a ce ga yadda abin yake. Bayan kowane Brin akwai dubban iyaye da suka mutu suna gadi, da digirinsu a ƙasan akwati.

Jamusawan Rasha labarinsu ya fi ban tausayi ta wata fuskar. Kakanninsu sun je Rasha ne bisa gayyatar Sarauniya Katarina a 1763, suka zauna a bakin kogin Volga. A watan Agustan 1941, bayan Hitler ya kawo hari, Stalin ya kwashe su zuwa Kazakistan da Saiberiya, aka zuba da yawa a sansanonin aikin ƙarfi. Shekara hamsin yaran unguwa suna kiransu 'yan fasist. Da ƙofa ta buɗe, sama da miliyan biyu suka koma Jamus, a 1994 kaɗai sun haura dubu 200. An ba su takardar ɗan ƙasa, amma Jamusancin da tsofaffinsu ke yi na ƙarni biyu da suka wuce ne, matasan kuma Rashanci kawai suka iya. Su da kansu suke cewa, a can mu Jamusawa ne, a nan kuma mun zama Rashawa. Suka taru a unguwanni irin su Marzahn a Balin, da kantunansu masu sayar da tsiran alade da askirim irin na da, da tashoshin talabijin na Mosko a falo.

To mu dawo kan shaidar da na fara da ita. Me ya sa bakinsu bai zo ɗaya ba? Domin ba abu guda suka gudar wa ba. Wanda ya fita a 1979 kwaminisanci ya gudar wa, da layi na biyar da taron tir. Wanda ya fita a 1993 rushewarsa ya gudar wa: a 1992 farashi a Rasha ya ninka fiye da sau ashirin, ajiyar da tsohuwa ta yi shekara talatin tana tarawa ta koma kuɗin cefanen mako, masana'antu suka faɗa hannun 'yan tsiraru, albashi ya yi watanni bai fito ba. Na farkon in ka ce masa gurguzu sai ya tuna ɗan rahoto. Na biyun in ka ce masa kasuwa mai 'yanci sai ya tuna uwarsa tana sayar da cokulan gida a bakin tasha. Akwai ma Rashawa wajen miliyan 25 da suka zama baƙi ba tare da sun motsa ba, iyaka ce ta tashi ta bar su a sababbin ƙasashe a 1991.

Ku duba ƙuri'arsu ku ga ruɗani. A unguwar Brighton Beach ta New York, wadda ake wa laƙabi da ƙaramar Odesa, jam'iyyar Republican suke zaɓa, sun ba Trump ƙuri'a sosai, duk abin da ya yi ƙamshin gurguzu ba sa son ji. Amma tsofaffin unguwar da tallafin gwamnati da asibitin gwamnati suke rayuwa, kuma ka taɓa waɗannan ka ga tashin hankali. A Jamus sun daɗe suna bin jam'iyyar CDU don godiya ga Helmut Kohl da ya buɗe musu ƙofa, daga baya wasu suka karkata ga AfD mai ƙyamar baƙi, alhali su ma jiya suka sauka, wasu kuma suka bi jam'iyyar masu ra'ayin gurguzu. A Isra'ila sun taimaka wa Rabin ya ci zaɓen 1992 don haushin yadda aka karɓe su, sannan suka gane gara su yi tasu: Natan Sharansky, wanda ya yi shekara tara a kurkukun Sobiyet, ya kafa jam'iyyar baƙi ta ci kujeru 7 cikin 120 a 1996. Mutanen da aka rena a ƙasar jam'iyya ɗaya, cikin shekara shida sun koyi cinikin ƙuri'a.

Akwai wata ƙaramar al'umma da ba a cika ambatonta ba, kuma ita ta fi nuna abin da na ce game da dukiyar da ba ta shiga akwati. Turkawan Meskhetiya, su suna kiran kansu Ahiska, Musulmi ne daga kudancin Jojiya. A watan Nuwamban 1944 aka loda su a taragun dabbobi zuwa Asiya ta Tsakiya, da yawa suka mutu a hanya. A watan Yunin 1989 rikici ya tashi a kwarin Fergana na Uzbekistan, aka kashe su aka ƙone gidajensu, suka sake watsewa. Waɗanda suka faɗa yankin Krasnodar na Rasha hukumomin wurin suka hana su propiska, wato babu aikin hukuma, babu rajistar aure, babu takardar gida, shekara goma sha biyar. Daga 2004 Amurka ta kwashi sama da dubu goma daga cikinsu, ta rarraba su a jihohi daban-daban.

Ba su da digirorin Yahudawan Mosko, yawancinsu manoma ne da masu aikin hannu. Abin da suke da shi shi ne sun zo da mutanensu. Hijira biyu ta riga ta koya musu cewa hukuma ba abin dogaro ba ce, dangi ne. Suka riƙa kiran juna a waya suna tambayar inda gida yake da araha, har ɗaruruwan iyalai suka tattaru a Dayton ta jihar Ohio, garin da masana'antu suka mutu mutane suka gudu suka bar gidaje. Wa da ƙane da suruki su haɗa kuɗi su sayi kango, su gyara da hannunsu, su koma kan na gaba. Haka suka yi da manyan motocin dakon kaya, ɗaya ta haifi biyu, har suka zama kamfanoni. Unguwar Old North Dayton da aka yi wa kallon ta mutu ta farfaɗo, suka buɗe cibiyar al'umma da masallaci, kuma suna cikin dalilan da suka sa hukumar birnin ta fito da shirin maraba da baƙi a 2011. Tsofaffinsu da aka haifa a Jojiya, suka yi ƙuruciya a Uzbekistan, suka manyanta a Rasha ba takarda, a Ohio aka binne da yawansu, jikokinsu kuma Turanci da Turkanci suke yi, Rashancin ya fara gushewa.

Shugaba, na ga kana duba agogo. A nan zan tsaya, in akwai tambaya ko gyara, musamman daga iyayenmu da suka zauna a can, ina saurare.